Gwangwanin Inna

Akwai wani mutum da duk wanda ya san shi Injiniya yake kiransa. Aikinsa jan wayar lantarki a sababbin gine-gine, kuma maganar gaskiya a bakin aikinsa ba shi da wasa. Matsalarsa guda ɗaya ce: idan ya san abu, a ganinsa duk duniya babu wanda ya riga shi sani.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi kansa. Shekara huɗu suna jira kafin Allah ya ba su ɗa namiji. Ranar da mahaifiyar Injiniya ta fara ɗaukar jaririn, ta ce, "Kai, ga angona ya iso!" Shi ke nan, sunan Ango ya bi yaro.

Ango na cika wata takwas ya fara rarrafe. Jama'a, wanda bai taɓa zama da yaro mai rarrafe ba bai san tashin hankali ba. Ka ajiye shi a tsakiyar falo, ka juya ka ɗauki kofi, kafin ka waiwayo yana bayan kujera yana jan wayar fanka.

Injiniya ya ce shi a gidansa ba za a yi haka ba. Ya ɗauki hutun kwana biyu ya hau aiki. Ya toshe kowane soket da murfin roba. Ya sa wa kabad da durowa maƙalli. Talabijin ya ɗaure ta a jikin bango, ƙofar kicin ya yi mata shinge, duk wata kusurwa ta teburi mai kaifi ya manna mata roba mai laushi da gam. Ba na rage masa komai, ya yi aiki, kuma don son ɗansa ya yi.

Amma daga ranar baƙo ya shiga uku. Kafin a ba ka ruwa sai an zaga da kai gida.

"Ja wannan durowar ka gani. Ja mana! Ta buɗu? To, haka ake tsare yaro."

Malama dai sai ta yi murmushi ta wuce kicin.

Ana haka makaranta ta koma, ƙanwar Malama da ke riƙe mata Ango ita ma ta tafi karatu. Dole a nemi mai zama da yaro daga safe zuwa yamma. Malama ce ta ce a ɗauko Inna, mahaifiyar Injiniya, tunda ita kaɗai ce a gida kuma kullum cikin waya take tana cewa a nuna mata angonta.

Inna ta iso da jaka biyu. Ɗaya ta kayanta, ɗaya kuma da aka zuge sai ga fararen nafkin na yadi, sun fi talatin, a ninke a jere. Ita ta ɗinka su da hannunta daga yadin auduga mai laushi, kowanne an dalle bakinsa da kyau don kada ya ci wa yaro cinya.

Injiniya ya kwashe da dariya.

"Haba Inna! Wa ke amfani da wannan yanzu? Ga na kanti nan katan guda, a sa a cire a yar."

"To, Injiniya," in ji Inna. Haka take kiransa idan tana son tsokanarsa. "Kai dai da irinsu aka raine ka, ban kuma ga inda ka ragu ba."

A lokacin kuwa zafi ya sa gaban Ango da cinyoyinsa sun yi jawur, fatar har ta fara salewa. Duk sanda aka zo canza masa sai ya yi ta tsala ihu, Malama tana share hawaye. An shafa wannan mai, an shafa wancan, abin sai ya lafa ya dawo.

Malama ta ce a gwada na Inna.

Ku zo ku ga aiki. Da Ango ya jiƙa, Inna ta cire, ba ta jira. Ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta tsane shi, ta bar shi ya sha iska a kan tawul tana yi masa waƙa, sannan ta ninka sabo ta ɗaura ta ɗora wandon roba. Wanda aka cire nan take take ɗauraye shi, ta wanke da sabulu, ta sake ɗauraya har sau uku, ta kai rana. Bokiti kuwa ba ta taɓa barin ko ɗigon ruwa a cikinsa ba. Tana gamawa za ta zubar, ta kife shi, ta ja ƙofar banɗaki.

Kwana takwas, fatar yaro ta koma sumul.

Kun ɗauka Injiniya zai ce an gode? Ina! Cewa ya yi dama man da ya sayo na ƙarshe ne ya fara aiki. Abin da ma ya fi damunsa shi ne igiyar shanya a baranda. Yana shawo kwanar layinsu zai hango fararen nafkin suna kaɗawa, maƙwabta na gani. Shi a wurinsa kamar ana shela ne cewa Injiniya ya kasa saya wa ɗansa na kanti.

Ya zauna ya rubuta dokoki goma sha biyu, ya manna a jikin firji, ya karanta wa Inna ɗaya bayan ɗaya. Kada a bar magani a ƙasa. Kada a bar allura ko maɓalli. Kada a bar carbi inda yaro zai kai.

Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji, kuma duk gaskiya ne. Ni ma ina da guda ɗaya. In ka dawo daga aiki, ka riƙa cire kayan nan a bakin ƙofa kafin ka zauna a falo."

"Inna ke nan. Ni da nake aiki da wuta kullum za a koya wa haɗari? Ke dai ki kula da abin da na rubuta."

Ta dube shi, ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba. Shi kuma ya ci gaba da halinsa: ya shigo da kayan aiki, ya faɗa kujera, ya zazzage aljihu ya fito da waya da makulli, ya ɗauki Ango yana cilla shi sama.

Wata Laraba da yamma ya dawo tare da ogansa na wurin aiki. Ogan ya yi jika, yana son ya ga yadda Injiniya ya tsara gidan nan da yake ta ba su labari. Injiniya sai fara'a, kai ya kumbura.

"Oga, ka ga nan? Ko allura ba za ta kai bakin yaro ba a gidan nan."

Bai rufe baki ba Inna ta zabura daga inda take ninke wanki. Ango yana zaune a gindin teburin falo, ya yi tsit, kumatunsa sun cika, yawu na zuba. Kafin kowa ya gane me ake ciki ta kai gare shi, ta matse masa kumatu a hankali, ta zaro wani abu daga bakinsa, ta dunƙule hannu. Yaro ya fashe da kuka.

"Mene ne? Inna, me ya sa a baki?"

Inna ta dubi ɗanta, ta dubi baƙon da ke tsaye a bayansa. Ta soke abin a gefen zaninta.

"Ba komai. Ci gaba da nuna wa baƙonka gida."

Oga ya yi gyaran murya ya ce, "Yara ke nan, sai Allah." Bai daɗe ba ya yi sallama.

Ran Injiniya ya ɓaci ƙwarai. Ya tsorata, gaskiya ne, don ya ga yadda abin ya cika bakin yaron. Amma har da kunyar da ya sha a gaban oga. A zuciyarsa ya riga ya yanke hukunci: ko maɓallin ɗinkin Inna ne, ko ƙwayar maganinta, shi ya sa ta ɓoye.

Bayan sun ci abinci ya ja Malama ɗaki. Da yake ransa a ɓace yake, bai lura muryarsa ta tashi ba.

"Na gama magana. Akwai gidan raino kusa da makarantarku, ranar Litinin za a kai shi. Inna ta tsufa, idonta ba ya gani, zamaninta daban. Na kashe kaina na gyara gida, ita tana zubar mini da tarkace a ƙasa. Sai ta kashe mini ɗa tukuna?"

"Baban Ango, ka ji tsoron Allah, ka rage murya. Ka ga abin da ta cire ne?"

"Ba sai na gani ba."

Tsakanin ɗakinsu da na Inna bango ɗaya ne, kuma ba mai kauri ba.

Da safe Inna ta gaishe su kamar kullum, ta karɓi Ango ta goya. Sai da Injiniya ya zo fita ta ce, "Ranar Asabar ka kai ni tasha. Na daɗe ban leƙa gida ba."

Ya ji wani abu ya soke shi, don ya san ta ji. Amma girman kai mugun ciwo ne. Maimakon ya ce ta yi haƙuri, sai ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Kwana biyun da suka rage Inna ba ta canza fuska ba. Ta wanke nafkin gaba ɗaya, ta ninke, ta jera a kabad. Ta zaunar da Malama ta sake nuna mata ninkin har sai da hannunta ya faɗa. Malama tana koyo tana kuka, Inna tana yi mata tsiya wai malamar makaranta guda ta kasa ninka tsumma.

Ranar Asabar Injiniya ya tashi da wuri, abin da bai saba yi ba, don ranar hutu sai rana ta take yake fitowa. Gari ya waye, Ango bai farka ba. Ya ɗauki makullin mota ya nufi falo.

A bakin ƙofa ya tsaya cak.

Inna ce a ƙasa, gwiwa biyu da hannu biyu, tana rarrafe. Matar da shekara biyar ke nan a kan kujera take salla saboda ciwon gwiwa. Ta kwantar da kumatunta a kan tayil tana leƙen ƙarƙashin kujera, ta zura hannu tana shafa ƙasa a hankali, tana bin gindin bango da yatsa. A gefenta akwai tsohon gwangwanin madara mai murfi. Malama na durƙushe kusa da ita.

Ba su gan shi ba. Ya ji Inna tana cewa:

"Kin gani? Kullum kafin ya tashi za ki yi. Ki fara daga inda babansa ke zama, nan ne ya fi zuba. Kada ki dogara da tsintsiya, tana tura ƙananan lungu ne. Da tafin hannu za ki bi. Abin da kika samu ki jefa a nan, ki ɗora a saman kabad. Kuma don Allah kada ki nuna masa. Ya yi wahala a kan gidan nan, zai ji ba daɗi."

Malama ta buɗe gwangwanin ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago sai suka haɗa ido da mijinta.

"Inna, ki gafarce ni," in ji ta. "Ban taɓa saɓa miki ba, amma wannan ba na ɓoyewa ba ne."

Ta miƙe ta juye gwangwanin a kan teburi.

Injiniya ya matso. Guntayen wayar lantarki, ja da baƙi da shuɗi, irin waɗanda ke maƙalewa a aljihunsa da naɗin ƙafar wandonsa. Ƙananan noti da sukuru, sun fi ashirin. Guntayen robar ɗaure waya. Murfin soket guda da ya saki. Wani ɗan ƙaramin batir mai faɗin maɓalli, wanda ya canza wa makullin mota ya ajiye tsohon a hannun kujera ya manta. Shi da kansa ya sha gaya wa mutane abin da irin wannan batir ke yi wa cikin yaro.

Ya tona da yatsa, ya sake tonawa. Yana neman maɓalli ɗaya, ko ƙwayar magani ɗaya, ko ɗan carbi. Babu. Duk abin da ke kan teburin nan nasa ne.

"Na ranar Laraba fa?" in ji shi.

Inna ta nuna cikin tarkacen da yatsa. Malama ce ta ɗauko wata roba mai laushi ta ɗora masa a tafin hannu. Robar kusurwar teburi ce, wadda ya manna da gam. Ga shaidar haƙora huɗu a jikinta.

"Zafi ya sa gam ɗin ya saki," in ji Inna a hankali. "Ta ƙasan teburin ce, daga tsaye ba a ganinta. Sauran ukun ma na cire su a daren, na naɗe wurin da tsumma."

Injiniya ya durƙusa don ya gani da idonsa. Gaskiya ne, ga kusurwoyin ƙasan teburin an naɗe su da farin yadi an ɗinke tam. Tunda ya sauka ƙasa kuma sai ya ga wani gida daban, ba wanda yake zagawa da baƙi ba. Ga wata waya tana lilo a bayan talabijin daidai tsayin hannun yaro. Ga tsinin ƙusa a ƙarƙashin kujera, an lanƙwasa shi, da alama da cokali aka danne. Shi duk aikinsa daga tsaye ya yi shi.

"Tun yaushe kike wannan, Inna?"

"Tun washegarin ranar da na zo."

Wata biyu ke nan. Kowace safiya, yana can yana sharar barci.

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Ranar nan me ya sa kika ɓoye, kika bari na zarge ki?"

"A gaban ogan naka?" Inna ta yi ɗan murmushi. "Kana tsaye kana cewa ko allura ba za ta kai bakin yaro ba, ni kuma in buɗe hannu in nuna masa? Da wane ido za ka shiga wurin aiki? Ai gara a ce tsohuwa ce ta yi sakaci, ni ba ni da oga."

Wallahi a nan Injiniya ya karye. Babban mutum, mai gemu, ya kifa kai a kan tayil yana kuka kamar Ango. Ya ce ta yafe masa abin da ta ji ta bango. Ya ce shi ne makahon, ba ita ba. Ya faɗa ya sake faɗa.

"Kai, tashi, kada ka tayar mini da ango," in ji Inna. "Na yafe tun a ranar. Tsoro ne ya sa ka, kuma uban da ke jin tsoro a kan ɗansa ba abin ƙi ba ne. Ni ma da laifina. Sau ɗaya na faɗa maka, da ka ƙi ji sai na yi shiru, alhali ran yaro ya fi ƙarfin kunyata da taka. Yanzu dai zo ka kama ni. Saukar ce na iya, tashin sai an yi dabara."

Ya sa hannu biyu ya ɗago ta. Ta cije leɓe, ta riƙe kafaɗarsa da ƙarfi, ƙafar tana rawa. Da ya zaunar da ita zaninta ya ɗan janye, sai ya ga gwiwoyin. Sun kumbura, fatar ta yi baƙi ta yi kanta.

"Inna, duk kwanakin nan wa ke ɗaga ki?"

"Kujera mana. In rarrafa in kama hannunta, in huta, in yunƙura. Wani lokaci sau ɗaya, wani lokaci sau uku."

Malama ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Injiniya ya ajiye makullin motar a saman kabad. Ya shiga ɗakin Inna, ya ɗauko jakar da ta haɗa, ya zazzage kayan a kan gado da kansa. Ya dawo ya durƙusa a gabanta.

"Ba inda za ki, sai dai in ke ce ba kya son zama da mu. Kuma gwiwar nan ta gama taɓa ƙasa a gidan nan. Ki zauna a kujera ki riƙa nuna mini, ni zan bi."

Inna ta gyara zama a kujera. A ɗaki Ango ya farka ya fara kiran mutane da ihu.

"To ai ban gama ba ka katse ni," ta ce. "Saura bayan firji da gindin labule. Yi maza kafin a fito da shi. Kuma ba da ido ba, Injiniya. Da tafin hannu."

Ya naɗe hannun riga ya sauka ƙasa.

Darasi: Komai iliminka da kayan zamaninka, kada ka raina wanda ya riga ka rainon ɗa, kuma kada ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ba ka gani da idonka ba. Sau da yawa wanda kake zargi shi ne yake rufa maka asiri yana shan wahala a ɓoye. Iyaye, ku sauka ƙasa ku duba gidajenku daga inda yaro yake kallo, kuma idan kun ga haɗari ku faɗa ko da za a ji haushinku. Wanda mahaifiyarsa ke raye ya kira ta yau ya gode mata. Ku tura wa sababbin iyaye wannan labari, wataƙila akwai abin da ke ƙarƙashin kujerarsu yanzu haka.